Ku Rufe Ƙofar Rumbun Bayanai!

Jama'a, wata ɓarna tana yaɗuwa a tsakanin matasanmu masu haɗa manhajojin yanar gizo. Mun gani, mun yi shiru.

Matashi zai buɗe rumbun bayanai a girgije, a Amazon RDS ko Google Cloud SQL, cikin 'yan mintuna. Ya ɗora MySQL ko PostgreSQL, ya tsara teburan sunaye, lambobin waya da biyan kuɗi. Sai manhajar ta ƙi haɗuwa da rumbun. Ransa ya ɓaci, ya shiga dokokin katangar tsaro ya rubuta 0.0.0.0/0. Ke nan ya ba kowace kwamfuta a duniya damar ƙwanƙwasa ƙofar. "Ai gwaji ne, anjima zan gyara." Anjimar ba ta zuwa.

Ƙofar MySQL 3306 ce, ta PostgreSQL 5432. Babu ɗan kutsen da bai haddace su ba. Ba shi ma ke wahalar nema ba, manhajojinsa ne ke zagaya intanet dare da rana suna gwada kalmomin sirri.

A 2020 kamfanin Guardicore ya bankaɗo wasu da suka riƙa kwashe rumbunan MySQL suna barin saƙon neman fansa. Kimanin rumbuna 250,000 suka baje a kasuwa.

A 2015 an cusa wa shafin TalkTalk na Birtaniya umarnin SQL na ɓarna, bayanan mutane kusan 157,000 suka fita. Aka ci kamfanin tarar fam 400,000.

Ko ɓarawo bai zo ba, akwai kuskure. A Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge rumbunsu. Da aka waiwayi kwafin ajiya, sai aka tarar yawancin hanyoyin ba sa aiki. Bayanan kusan awa shida suka salwanta.

TalkTalk da GitLab fa manya ne masu kuɗi. Ina ga wanda ya haɗa manhajar makaranta ko ta adashi, yana riƙe da NIN da BVN na bayin Allah?

Kada wani ya ce Amazon zai tsare masa. Kamfanin girgije ginin yake gadi, makullin ɗakinka kuwa yana hannunka.

Ya zama wajibi a ɓoye rumbu a keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa, sabar manhaja kaɗai ke isa gare shi.

Ya zama wajibi a daina barin kalmar sirri a cikin lambobin da ake ɗorawa a GitHub. A daina haɗa manhaja da asusun da ke da iko kan komai.

Ya zama wajibi a gwada dawo da kwafin ajiya tun kafin ranar kuka.

Ku ma masu ba da kwangila, ya zama wajibi ku tambaya. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ku za ta fara kamawa: idan bayanai suka fita ta yadda za a cutar da masu su, awa 72 gare ku ku sanar da hukumar kare bayanai, NDPC. Ku kira wanda ya haɗa muku manhaja yau, ya nuna muku wa ke iya shiga rumbun.