Miyagun Hanyoyin Su da Illarsu ga Ƙasan Ruwa

Idan aka ce su, ana nufin sana'ar kamun kifi da sauran halittun ruwa domin ci ko sayarwa. A kudancin birnin Kano wannan sana'a ta sami sabon ƙarfi bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, da ta Challawa da ke ƙaramar hukumar Ƙaraye a 1992. Daga Tiga ne aka jawo babbar magudanar da ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Kogin Challawa kuwa yana ratsa yankin Panshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso kafin ya haɗu da Kogin Kano su nufi Wudil. A waɗannan ruwaye ake kama karfasa da tarwaɗa da ƙurungu.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara fahimta shi ne, rayuwar kifi ta dogara ne a kan ƙasan ruwa, wato laka da yashi da ciyayin da ido ba ya gani. A ɗauki karfasa misali. Namijinta yakan haƙa ɗan rami a inda ruwa ba shi da zurfi, macen ta zuba ƙwai a ciki, sannan ta kwashe su a bakinta har su ƙyanƙyashe. Tarwaɗa kuma takan bi ambaliyar damina ta shiga cikin ciyayi ta yi ƙwai. Saboda haka duk kayan aikin da ya tumurmushe ƙasan ruwa ya kashe kifin baɗi tun kafin a haife shi.

Kayan su ba ɗaya suke ba wajen ɓarna. Fatsa da birgi da koma ba su cika yin illa ba, domin ɗan abin da suke ɗauka. Taru ne abin dubawa. Doguwar raga ce da ake zagaye ruwa da ita, mutane da yawa su ja ta zuwa gaɓa, gindinta yana sharar ƙasa. Idan idanunta ƙanana ne, har wasu ma da gidan sauro suke haɗawa, to babu abin da ke tsira: uwa da ƙwai da 'ya'yan da ba su kai tsawon yatsa ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne zuba guba. A da akan daka ganyen magimfa a watsa a kududdufi, daga baya aka koma ga maganin ƙwari irin su Gamalin 20, wanda a 2009 aka sanya sinadarinsa cikin jerin waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta hana. A yankin da ake noman rani wannan ganganci ne tsantsa, tunda ruwan da aka zuba wa gubar shi ne dabbobi ke sha, shi ne kuma ke shiga gonar tumatir da shinkafa. Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki, sai dai masu sa ido ba su kai yawan gaɓar ruwan ba.

Irin aikin da taru yake yi a madatsa, shi manyan jirage suke yi a teku, amma da injina. Sukan ja raga mai nauyin ƙarafa a zurfin da ya wuce mita 1,000, ta niƙe murjanin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana girma. A can ƙasa akwai sanyi da duhu, komai a hankali yake girma; akwai kifin da yakan haura shekara 100 a raye, kuma ba ya fara haihuwa sai ya kai shekara 20 ko fiye. Wannan ne ya sa a 2006 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi ƙasashe su dakatar da irin wannan su a wuraren da ke da rauni, a 2016 kuma Tarayyar Turai ta hana shi a zurfin da ya wuce mita 800 a ruwayenta na arewa maso gabashin Tekun Atlantika.

Dabarar da Turawa suka bi, wato keɓe wuri a hana taɓa shi, ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Argungu, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsare Matan Fada, ba a su a wurin sai lokacin bikin da aka faro a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2016. Manyan giwayen ruwa da ake fitowa da su ranar bikin sakamakon wannan hani ne. Malamin da aka tura Kura ko Bunkure zai tarar da 'ya'yan masunta a ajinsa. Yana iya sa su tambayo dattawan gidansu sunayen kifayen da ake kamawa a da, su kwatanta da waɗanda suke gani a kasuwa yanzu, su kuma binciko ko akwai watannin da Sarkin Ruwan garinsu yake hana shiga ruwa da taru.