Makharaɗa: wuƙar da matan Masar ke yanka malohiya da ita

Da damana ta kankama, ɗanyen ganyen lalo, wanda wasu ke kira malohiya, Zabarmawa kuma fakku, yakan cika kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. A nan Nijar an fi shanya shi, a daka a turmi, a kaɗa miya. A ƙasar Masar kuwa ɗanye aka fi son sa, kuma akwai wuƙa ta musamman da ake yanka shi da ita. Sunanta makharaɗa.

Wuƙar lanƙwasasshiya ce kamar jinjirin wata, da ƙota biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Ta yi kama da lauje, sai dai kaifin lauje a ciki yake, nata kuwa a baya. Mutanen Italiya na da irin ta, suna ce mata mezzaluna, wato rabin wata. A Faransa ana kiran ta berceuse, saboda yadda take rausaya kamar ana rarrashin jariri.

Malohiya tsohuwar miya ce a Masar. Littattafan tarihi sun kawo cewa halifa Al-Hakim, wanda ya yi mulki a Alƙahira daga 996 zuwa 1021, ya taɓa hana cin ta, amma hanin bai raba mutane da ita ba.

Yadda ake aiki da wuƙar

Da farko a tsinke ganyen daga jikin karansa, a wanke, a baza bisa tsumma mai tsabta har ruwan ya tsane sarai. Wannan matakin shi ne babba, domin jiƙaƙƙen ganye yana manne wa wuƙa, ya dagargaje maimakon ya yanku.

Daga nan a tara shi bisa katako mai faɗi. Uwargida ta kama ƙota biyun, ta riƙa danna dama, ta danna hagu, ba tare da ɗaga wuƙar sama ba. In ganyen ya watse, ta tattara shi tsakiya ta ci gaba, har ya yi ƙanana.

Amfanin lanƙwasar shi ne, a kowane lokaci ɗan wuri kaɗan na kaifin ke taɓa katako, don haka ƙarfin hannu biyu a nan yake taruwa. Ga shi kuma yatsu goma duk suna kan ƙota, babu wanda ke kusa da kaifi. Duk wadda ta taɓa yanke yatsa garin yanka kuɓewa ko albasa a tafin hannu ta san darajar wannan.

Kaifin wuƙar yana da tasiri a kan miyar. Mai kaifi tana raba ganye, dakusasshiya tana murje shi, sai ya yi duhu tun bai shiga tukunya ba. Shi ya sa har yanzu mata da yawa a Masar suka fi yarda da makharaɗa a kan injin markaɗe, wanda ke mai da ganyen kamar kunu. Ba ta kuma jiran wutar lantarki.

A can, ana zuba yankakken ganyen cikin romon kaza, zomo ko agwagwa, a ɗora masa tafarnuwa da kusbara da aka soya da man shanu. Ba a rufe tukunyar, ba a barin ta ta daɗe tana tafasa, don kada ganyen ya kwanta ƙasa ya rabu da romo.

Abin kiyayewa

Kada a yi yankan bisa tire ko dutse, yana kashe kaifi. Kada a sare ƙashi da ita. In an yanka ɗanyen nama, a wanke wuƙa da katako da sabulu kafin su taɓa ganyen da za a ci ɗanye, domin ta nan ƙwayoyin cutar gudawa ke bi. Wadda aka ƙera da baƙin ƙarfe tana tsatsa, sai a goge ta ta bushe, a shafa ɗan man gyaɗa. Da yake kaifinta a waje yake, a naɗe ta cikin tsumma mai kauri, a ajiye inda hannun yara ba ya kai.