Waiwaye Kan Shekarar 1990: Abin Da Jama'a Suka Kalla Da Abin Da Suka Karanta

Idan shekara ta zo ƙarshe kowa yakan zauna ya yi lissafi. Akawu ya rufe littafin kuɗi, malamin makaranta ya haɗa sakamakon jarrabawa, manomi ya ƙirga damman da ya zuba a rumbu. Masu sha'awar karatu da kallo su ma sukan yi nasu, su ce littafi kaza ya fi, wasa kaza ya ƙayatar. Amma mun lura lissafin da ake yi da zafi-zafi ba safai yakan tsaya ba. Sau da yawa abin da aka yi ta yabo cikin watan Disamba, kafin damina ta faɗi an manta da shi, wanda aka raina kuwa shi ne ke tsone ido daga baya. Saboda haka muka ga ya fi mu bar shekarar da muke ciki ta huce tukuna, mu koma baya mu ɗauko wadda ƙurarta ta daɗe da kwantawa, watau 1990, mu duba abin da jama'ar ƙasar Hausa suka fi so a cikinta, da yadda zaɓin nan nasu ya ƙare.

Shekara ce ta matsi. Soja ke mulki a ƙarƙashin Janar Ibrahim Babangida, shirin tsuke bakin aljihu da aka soma a 1986 ya karya darajar naira, albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya kai shi ƙarshen wata. Ran 22 ga Afrilu Manjo Gideon Orkar ya yi yunƙurin juyin mulki bai ci nasara ba. A cikin wannan hali ne mutane suka nemi abin da zai ɗebe musu kewa da araha, kuma wanda bai tuna da wannan ba, ba zai gane sauran bayanin ba.

Mu fara da talabijin, don shi ne ya fi sauƙin bayani. A lokacin nan duk tashoshin na gwamnati ne, ko dai NTA wadda aka kafa a 1977, ko kuwa na jihohi, kamar CTV ta Kano wadda ta soma aiki a 1982, wadda yanzu ake kira ARTV. Ba a ba 'yan kasuwa izinin buɗe nasu ba sai 1992. Ranar aiki ba a buɗe tasha sai da yamma, a rufe wajen tsakar dare. A unguwa guda kuwa sai ka tarar gida ɗaya ko biyu ke da akwatin, yaran unguwa duka su taru a tsakar gidan, in an ɗauke wuta a watse ana tsaki. Sunayen da ke bakin yara a zamanin nan su ne Samanja, watau Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, yana kwaikwayon zaman bariki da irin Hausar nan ta bariki mai gauraye da Turanci; da Ƙarƙuzu na Jos; da Kasimu Yero, wanda ya fito cikin Magana Jari Ce da NTA ta mayar wasan talabijin. Dukansu uku sun riga mu gidan gaskiya, Kasimu a 2017, Samanja a 2023, Ƙarƙuzu a 2025, Allah ya jiƙansu.

Amma in za a faɗi gaskiya, ba wasan kwaikwayo ne ya fi tara mutane gaban akwati a 1990 ba, ƙwallo ne. Ran 8 ga Yuni, a wasan buɗe gasar cin kofin duniya a Italiya, Kamaru ta ci Ajantina 1 da nema, alhali kuwa Ajantina ce ke riƙe da kofin. Roger Milla, yana da shekara 38, ya yi ta zuba ƙwallaye har Kamaru ta kai zagayen ƙasashe 8 na ƙarshe, inda Ingila ta fitar da ita da 3 da 2. Ba ƙasar Afirka da ta taɓa kai nan kafin wannan. Har dattawan da ba ruwansu da ƙwallo sai da suka leƙo.

Sai sinima. Gidajen sinima sun daɗe a Kano, tun Rex da aka buɗe a 1937, kuma sun daɗe da baƙin jini wurin iyaye da malamai, balle bayan gobarar El Duniya ta 1951 wadda ta ci rayuka fiye da 300. Mutanen karkara kuwa majigin gwamnati suka sani, wanda ake kai musu a mota a kafa a ƙofar fada, a nuna musu Baban Larai da noman auduga. Abin da ya mallaki gidajen sinima na birni shi ne fim ɗin Indiya. Wanda ya yi tashe a wannan tsakani shi ne Maine Pyar Kiya, da ya fito a Indiya a ƙarshen Disamban 1989, labarin ɗan mai kuɗi da ya so 'yar talaka, uba ya hana. Ba sai an yi wa Bahaushe fassara ba kafin ya gane wannan labari, don a gidansu ko a maƙwabta ya san irinsa.

Na Hausa da aka ɗauka don sinima kuwa ba su da yawa, ana iya ƙirga su da yatsu: Shaihu Umar na Adamu Halilu a 1976, Ƙasarmu Ce na Saddik Balewa a 1991, Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu a 1992, da 'yan kaɗan a tsakani. Aiki ne na ƙwararru, amma mai cin kuɗi ƙwarai, sai da hannun gwamnati ko na wata babbar hukuma, kuma mutane kaɗan ne suka sami ganinsu.

To, ana nan cikin 1990 sai wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta Kano mai suna Tumbin Giwa ta ɗauki wani wasa da na'urar bidiyo, irin wadda ake ɗaukar biki da ita, ta zuba a kaset ta kai kasuwa. Sunansa Turmin Danya. Aminu Hassan Yakasai ya tsara labarin, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari na cikin 'yan wasan. Kada a rikita shi da littafin Sulaiman Ibrahim Katsina mai wannan suna, wanda ya ci gasa a 1982. Da a ce an tambayi masana a ƙarshen shekarar nan wane fim ne ya fi muhimmanci, da wuya su ambaci wannan, don hoto da sautinsa ba su kama ƙafar na sinima ba. Amma ya yi abin da waɗancan suka kasa, ya shiga ɗaki. Matar aure da ke cikin kulle, wadda ba ta taɓa taka ƙofar sinima ba, ga wasa da harshenta ya iske ta har gaban gado. Masu binciken tarihin abin suna lissafa shi a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya karɓu a kasuwa, shekara 2 kafin Living in Bondage na mutanen Kudu. Daga wannan ɗan kaset ne sana'ar nan ta tsiro wadda aka raɗa wa suna Kannywood a 1999, wadda dubban mutane ke ci da iyalinsu a cikinta.

Littattafan da aka raina

Nan ne muke so mu daɗe, don nan ne abin ya fi shafar malaman makaranta.

Tun daga gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu, littafin Hausa ɗan hukuma ne. Hukumar Talifi ta buga, sa'an nan NORLA a zamanin Yaƙi da Jahilci, sa'an nan kamfanin NNPC na Zariya daga 1966. Hukuma ke zaɓa, hukuma ke gyara, hukuma ke rarraba wa makarantu. Wannan ya ba mu littattafai masu tsabtar harshe waɗanda har gobe ba a daina karanta su ba, amma ƙofar ƙunci gare ta. Mace ba ta sami shiga da ƙagaggen labari ba sai 1980, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Da takarda ta yi tsada bayan 1986, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan jarrabawa, ƙofar ta kusa rufewa gaba ɗaya.

A daidai lokacin nan kuwa masu karatu suka yawaita yadda ba a taɓa gani ba. Lissafin a fili yake. Yaron da aka sa makaranta a shirin ilmin firamare kyauta na 1976 yana da shekara 6, a 1990 ya kai 20. Ga kuma waɗanda suka koyi karatu da girmansu a azuzuwan yamma na hukumar ilmin manya da Jihar Kano ta kafa a 1980. Duk waɗannan sun iya karanta boko da Hausa, yawancinsu Turancinsu bai kai na karanta labari ba, kuma ba wanda ke rubuta musu abin da ya shafi rayuwarsu. Sai suka rubuta wa kansu. Mutum ya tara 'yan kuɗinsa ya kai ƙaramar maɗaba'a, a buga masa ɗan siririn littafi, a raba labarin kashi 2 ko 3 don cinikin na farko ya biya buga na biyu. Wanda ba shi da kuɗin saye ya karɓi haya.

Cikin abin da aka buga a 1990, littattafai biyu na Balaraba Ramat Yakubu ne suka fi tsayawa. Ita ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Muhammed, amma wannan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana da shekara 13 ba, sauran iliminta da girmanta ta neme shi. Wa Zai Auri Jahila? labarin Abu ne, wadda aka hana ta karatu, saurayinta ɗan boko ya ƙi ta saboda rashin karatun, aka ɗaura mata aure da tsoho, ta gudu birni ta yi ilmi. Tambayar da ke bangon littafin ubanni aka yi wa, kuma a ganinmu har yanzu akwai garuruwan da ba su amsa ta ba.

Na biyun, Alhaki Kuykuyo Ne, shi ne muka fi ɗauka da girma. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa, tana da 'ya'ya 9. Ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su tana biya musu makaranta. Da gobara ta cinye dukiyarsa, amarya ta juya masa baya, sai dangi suka taru a kan Rabi ta koma. Ƙarfin littafin yana wurin lissafin kuɗin cefane, da wanda ya ci nama da wanda ya kwana da yunwa, abubuwan da marubuta maza suka saba tsallakewa. Ƙarshensa kuwa har yau ana gardama a kai: wasu na ganin Rabi ta ci riba, wasu na ganin an sake ɗora mata kaya ne. Mu muna tare da na biyun, kuma muna zaton marubuciyar da gangan ta bar zancen a buɗe. An mayar da shi fim a 1998, a 2012 kuma wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Turanci wadda Aliyu Kamal ya yi. Abin mamaki, ƙasar da muka yi shekaru muna kallon labaranta, ga shi ta ɗauki namu.

Shekara na zagayowa, a 1991, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito ya yi tashen da ba a saba gani ba, shi ma ɗalibin makarantar yamma ne. Shi da Balaraba suna cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, sunan da ya nuna sun san yadda ake kallonsu.

Lalle kuwa an raina su. Malaman makaranta da yawa sun ƙwace littattafan nan daga hannun 'yan mata sun ce su ke hana karatu. A jami'a aka kira su Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi na suka, Abdalla Uba Adamu na karewa. A 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano a bainar jama'a. Ba za mu ce masu sukan ba su da hujja ko kaɗan ba. Da yawa daga cikin littattafan ba a kula da ƙa'idar rubutu a cikinsu, ba raba kalma, ba aya, ba waƙafi, wasu kuma fim ɗin Indiya aka kwashe aka sa masa hula da zane. Abin da muke ganin an yi kuskure shi ne da aka haɗa mai kyau da maras kyau aka yi musu kuɗin goro. Malamin da ya ƙwace littafi daga hannun yarinya bai tsaya ya lura ba cewa karatu ya same ta tana yi, ba wanda ya sa ta, abin da shi kansa yake fama ya koya wa 'yan ajinsa. Da an zaɓi masu kyau an karanta su tare a aji, an gyara kurakuran rubutun a allo, da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Yanzu ga shi littattafan nan ake rubuta kundayen digiri a kansu a jami'o'in gida da na waje.

Saura magana guda, ita ce ta adana. Abin da hukuma ta buga a 1934 yana nan, ana sake buga shi. Abin da talakawa suka buga wa kansu a 1990 kuwa a kan takarda mai araha aka buga shi, wadda gara da damshi ba su bari, kaset ɗin bidiyo kuma zarensa yakan lalace in ya daɗe, ga na'urar kunna shi ta yi wuyar samu. Mun tabbata a cikin masu karanta wannan shafi akwai tsofaffin malamai da akawuna da matansu waɗanda ke da irin waɗannan a ƙasan adaka ko a bayan kabad, har da waɗanda aka ƙwace a aji ba a mayar ba. Wanda ke da su ya taimaka ya kakkaɓe su, ya rubuta shekarar da wurin da ya saya a bangon ciki in yana tune, ya kai ɗakin karatu na jami'ar da ta fi kusa da shi, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko Arewa House a Kaduna, ya nemi a ɗauki hotonsu a kwamfuta kafin ya koma da abinsa gida.