Ƙwan Wane Ne a Jikin Gilashi?

Sabon mai kiwon kifin loc a akwatin gilashi yakan wayi gari ya tarar da ƙwai manne a bango, ya ɗauka kifinsa ne ya saka. Galibi ba haka ba ne. Loc irin kuhli, ɗan asalin rafukan Indunusiya da Maleshiya, da wuya ya hayayyafa a akwati. In ya yi, ƙwansa kore ne, warwatse cikin saiwoyin tsirran da ke bisa ruwa.

Dunƙule mai yauƙi, garau, mai ɗige-ɗige a ciki, na dodon koɗi ne da ya shigo a ɓoye jikin tsiro. Wannan a kankare shi, domin cikin kamar mako 2 zai ƙyanƙyashe, 'ya'yan su mamaye akwatin. Farare masu tauri kamar riɗi kuwa na dodon koɗi irin nerit ne, wanda 'ya'yansa ba sa rayuwa sai a ruwa mai gishiri.