Amarci a Ɗaki da Amarci a Tsibiri: Yawon Amarci a Mahangar Al'adar Talata Mafara da Bakura da Maradun

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yawon amarci, wato tafiyar shaƙatawa da ango da amarya kan yi bayan biki, musamman nau'in da ake bin tsibiran ƙasashen zafi ɗaya bayan ɗaya. An auna wannan baƙuwar al'ada da amarcin da aka gada a Talata Mafara da Bakura da Maradun ta fuskar suna da lokaci da wuri da shari'a da tattalin arziki. Maƙalar ta nuna cewa amarcin gargajiya an gina shi ne domin shigar da amarya cikin dangin miji, yayin da yawon amarci yake keɓe ma'aurata daga dangi na ɗan lokaci. Daga wannan bambanci ne sauran tambayoyin suka taso.

1.0 Gabatarwa

Talata Mafara da Bakura da Maradun ƙananan hukumomi ne kuma masarautu a yammacin Jihar Zamfara, wadda aka yanko daga Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Gulbin Sakkwato ne ya haɗa su, kuma a kansa aka gina madatsar ruwa ta Bakalori. Kowane ɗaya daga cikin garuruwan uku ya taɓa fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura (1999-2007), da Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara (2011-2019), da Bello Muhammad Matawalle daga Maradun (2019-2023). Saboda haka yankin ya san bikin manoma, ya kuma san bikin manyan ma'aikata da 'yan siyasa da attajirai waɗanda suke da ƙafa a Abuja da ƙasashen waje. Ta hanyar wannan rukuni na biyu, da kuma hotunan da matasa suke gani a Facebook da Instagram da TikTok, maganar tafiya amarci zuwa Zanzibar ko Maldib ta shigo bakin samari da 'yan mata, ko da yake masu iya yin ta 'yan ƙalilan ne.

2.0 Matsalar Suna

Kalmar amarci ta samu ne daga amarya ta hanyar ɗafa-ƙeyar -ci, kamar yadda angwanci ya fito daga ango. A karin harshen yamma, wanda ake ji a waɗannan garuruwa, har yanzu ana cewa amre ko arme a inda daidaitacciyar Hausa take cewa aure, kuma wannan siga ce take bayyana dangantakar amarya da tushen kalmar. Bahaushe yana "cin amarci" kamar yadda yake cin sarauta ko cin kasuwa. Amarci ke nan wani matsayi ne da ake shiga, a ci moriyarsa, sannan a fita.

Ingilishi ya haɗa zuma da wata ya yi wa wannan lokaci suna tun ƙarni na 16, Faransanci da Larabci ma suna da irin wannan haɗi. Fassara shi kai tsaye da "watan zuma" ba ta zauna a kunnen Bahaushe ba, domin zuma a wurinsa ta fi kusa da magani da kwatanta zaƙi, ba a ƙidaya kwanaki da ita. "Yawon amarci" ya fi dacewa, don yana da 'yan uwa a harshen, kamar yawon salla da yawon arba'in, waɗanda duk suke nufin fita ta musamman a wani lokaci na musamman.

Hausa tana da kalmomi biyu na ƙasar da ruwa ya kewaye: tsibiri da gungu. Daga ta biyun aka sami sunan Gungawa, mazauna tsibiran Kwara a ƙasar Yawuri, waɗanda madatsar Kainji ta tayar da yawancinsu a 1968. Tsibiri a tunanin Bahaushe wurin su ne da noma da fakewa daga mahara. Ɗaukarsa a matsayin wurin hutu sabon abu ne.

3.0 Amarcin Gado

Bayan kamu da sa lalle da ɗaurin aure, mata sukan kai amarya ɗakinta da aka riga aka yi wa jere. Abokan ango sukan rako shi a yi sayen baki da ƙawayen amarya. Daga nan ake shiga kwanakin amarci. A cikinsu amarya ba ta girki, ba ta daka, ba ta fita. Abinci yana zuwa daga gidan iyayenta ko daga wajen dangin ango, sannan akan bar mata 'yar zaman ɗaki da za ta riƙa ɗebe mata kewa, ana aikenta. Bayan mako guda akan yi buɗar kai, iyayen amarya su kawo gara, ta gaida surukai, sannan ta shiga girki. Jerin waɗannan abubuwa yakan ɗan saɓa daga gari zuwa gari da kuma gida zuwa gida, amma ginshiƙinsu ɗaya ne.

Adadin kwanakin yana da tushe a fiƙihun Malikiyya. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malaman yankin, ta kawo hukuncin cewa budurwa tana da kwana bakwai, bazawara kuma kwana uku, kafin miji ya koma rabon kwana tsakanin matansa. Hukuncin yana komawa ga hadisin Anas ɗan Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito.

Abin lura shi ne, a wannan mako amarya ce a zaune, jama'a suke zuwa gare ta. Gwaggwannin ango da ƙannensa da matan 'yan uwansa da maƙwabta duk sukan shigo ganin amarya da ganin ɗaki. A nan ake sanin ta, ita ma take sanin wanda za ta ji wa kunya da wanda za ta yi wasa da shi. Faɗar da ake yi cewa amarya ba ta laifi tana nuni ga wannan rangwame: an ba baƙuwa lokaci ta koyi gida kafin a fara ƙirga mata kuskure. Idan aka ɗauke ta washegarin biki zuwa wata ƙasa, wannan makarantar ce ake tsallakewa, kuma dangin da suka zo suka tarar da ɗaki a kulle ba su cika mantawa ba.

4.0 Yawon Amarci a Inda Ya Taso

A Ingila ta farkon ƙarni na 19, masu hali sukan yi tafiya bayan biki domin gaida dangin da ba su sami halarta ba, wani lokaci ma tare da rakiyar 'yan uwa. Wannan siga ta farko ba ta yi nisa da abin da Bahaushe yake nufi da zumunta a ƙafa take ba. Sannu a hankali, da zuwan jirgin ƙasa sannan jirgin sama, dangi suka fita daga tafiyar, ta zama ta mutum biyu.

Tsibiran Tekun Indiya sun shigo wannan kasuwa a makare. Maldib, mai tsibirai kusan 1,200, ta buɗe masaukin 'yan yawon buɗe ido na farko a 1972. Ƙasa ce ta Musulmi wadda Ibn Baɗɗuɗa ya yi alƙalanci a cikinta a shekarun 1340, kafin tafiyarsa ta Takadda a 1353 inda ya ambaci Gobir. Tsarinta shi ne tsibiri guda, masauki guda, nesa da garuruwan 'yan ƙasa. Sai a 2009 aka yarda a buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da jama'a suke zaune, inda ba a sayar da giya, ana jin kiran salla, farashi kuma ya fi sauƙi. Seshel tana da tsibirai 115, amma uku ake yawan haɗawa: Mahe da Faralin da La Dig, da jirgin ruwa na kimanin sa'a guda tsakanin na farko da na biyu, da kimanin minti 15 zuwa na uku. Zanzibar ta ƙunshi Unguja da Pemba, ana isa gare ta daga Darus Salam a jirgin ruwa cikin kimanin sa'a biyu, kuma tsohon birninta na dutse ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2000. A yammacin Afirka akwai Kabo Berde mai tsibirai goma, wadda take cikin ƙungiyar ECOWAS.

5.0 Abubuwan da Shirin Tafiyar Ya Ƙunsa

5.1 Lokaci

A al'ada an fi yin biki bayan kaka, lokacin da rumbu ya cika. Wannan ya yi daidai da ranin Maldib, daga Disamba zuwa Afrilu, wanda kuma shi ne lokacin tsadar masauki. A Zanzibar manyan ruwaye suna sauka daga Maris zuwa Mayu. Sai dai rani a wannan yanki ba lokacin hutu ba ne. Madatsar Bakalori, wadda aka kammala a 1978, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, kuma filayen ban ruwanta sun kai kimanin hekta 23,000. Ango mai shinkafa ko alkama ko tumatir a waɗannan filaye ba ya iya barin gona kwana goma a tsakiyar ban ruwa sai da wakili amintacce.

5.2 Hanya

Matafiyi daga Maradun ko Bakura sai ya fito babban titin Gusau zuwa Sakkwato, ya nufi filin jirgin sama na Sakkwato ko Kano ko Abuja, daga nan ya ya da zango a Adis Ababa ko Doha ko Dubai. A Maldib ƙananan jiragen da suke sauka a kan ruwa da rana kaɗai suke tashi, don haka wanda ya isa da dare sai ya kwana a babban birni. Kowane sauyin tsibiri yakan cinye aƙalla rabin yini, shi ya sa tsibiri biyu ko uku suka ishi mako guda. Akwai kuma fasfo da katin rigakafin shawara da izinin shiga, wanda dokarsa take sauyawa. A 2023, alal misali, Seshel ta tsaurara wa masu fasfo ɗin Nijeriya.

Amma ɓangaren da ya fi nauyi shi ne na farko, wato fita daga gida zuwa filin jirgi. A Agustan 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai da ma'aikata a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a ranar 1 ga Satumba kuma suka kwashe ɗalibai 73 daga wata makarantar sakandare a ƙaramar hukumar Maradun. A daidai wannan lokaci aka rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya a jihar na wani lokaci. A irin wannan hali kai amarya daga gari zuwa gari ya koma aikin rana, kuma baza hotunan tafiya mai tsada ya zama talla ga masu neman wanda za su sace. Hikimar ɓoye ranar tafiya, wadda magabata suka yi riƙo da ita, ta sami sabon dalili.

5.3 Kuɗi

Masauki da jirgi da dala ake biyan su. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Ango ya riga ya yi lefe da sadaki da gyaran gida, iyayen amarya sun yi kayan ɗaki da gara. Bambancin shi ne waɗannan kaya suna zama dukiyar amarya, tana iya sayar da su ranar buƙata, kuɗin tafiya kuwa ba ya dawowa. Dattawan da suke ƙyamar yawon amarci galibi wannan lissafi suke yi, kuma lissafi ne mai tushe a yankin da ya san abin da ake nufi da rasa abin hannu: dubban mutane tafkin Bakalori ya tayar daga gidajensu da gonakinsu a ƙasar Maradun, rikicin diyya kuma ya kai ga zubar da jinin manoma a Afrilun 1980.

5.4 Shari'a da Kunya

Zamfara ce jiha ta farko da ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, wadda ta fara aiki a Janairun 2000. Tafiyar mace da mijinta ba ta da matsala a shari'a. Tambayar tana tasowa ne idan akwai uwargida. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan jefa ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Muhtasar na Halil ya bar wa miji zaɓin wadda zai tafi da ita, ban da tafiyar hajji da ta yaƙi inda ya ce a yi ƙuri'a. Ko da hukunci ya ba da dama, tafiyar kwana goma da amarya ta zarce bakwai ɗin da uwargida ta san za ta jure, kuma idan ita ba a taɓa kai ta ko Sakkwato da sunan hutu ba, an shuka abin da za a daɗe ana girba. Neman yardarta, da yi mata alkawarin tata tafiyar, shi ne abin da masu hankali suke yi.

Akwai kuma batun sutura da abinci da wurin salla a bakin teku. Wannan ne ya sa Zanzibar da tsibiran jama'a na Maldib suka fi kwanta wa Musulmi a rai, shi ne kuma ya sa Umra ta zama tafiyar bayan biki da iyaye ba sa musu a kanta, domin tana da suna da daraja a al'ada tun kafin zuwan wannan sabon yayi.

6.0 Kammalawa

Amarcin gado yana amsa tambayar yadda baƙuwa za ta zama 'yar gida. Yawon amarci yana amsa wata tambayar daban, ta yadda mutum biyu za su san juna ba tare da idon jama'a ba, kuma buƙata ce ta gaske ga ma'auratan da za su zauna a gidan haya a Gusau ko Abuja, nesa da gandun iyaye. Ana iya ba kowace tambaya haƙƙinta idan aka kiyaye jeri: a cika kwana bakwai a ɗaki, a yi buɗar kai, a karɓi gara, a gaida surukai, sannan mai hali ya ɗauki matarsa su tafi. Ga masu nazarin Hausa, abin bibiya shi ne sunan da al'adar za ta zauna da shi a bakin jama'a, da kuma ko za ta shiga jerin abubuwan da dangin amarya suke sa rai daga ango, kamar yadda akwatunan lefe suka shiga. Ranar da ta shiga wannan jeri, nauyinta zai sauka a kan saurayin Bakura mai kadada guda ta shinkafa, wanda bai taɓa ganin teku ba.