Damina ta ƙarato: shirin da ya kamata mazauna gidajen haya su yi tun yanzu

Iskar bazara ta fara juyawa, hadari ya soma leƙowa daga gabas da la'asar. Manomi na murna, yana gyaran hauya. Amma mu da muke zaune a gidajen haya na birane, inda iyali takwas ko goma ke raba tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya da makewayi ɗaya, murnarmu gauraye take da fargaba. Daga Bukoki da Talaje a Yamai zuwa Zango da Garin Malam a Damagaram, daga Zariya da Ali Ɗan Sofo a Maraɗi zuwa unguwannin da ke kewaye da tabkin Babaye a Tawa, tambayar guda ce: ɗakin da muke biya wa haya kowane wata zai kai mu kaka lafiya?

Ba don tsoro kawai muke wannan tambaya ba. Mun ga abin da ruwa ya yi. A watan Satumba na shekarar 2020 kogin Kwara ya cika a Yamai har ya kai santimita 700, ya fasa shingen da ke kare Lamorde, ya shiga gidajen mutanen Harobanda. A daminar 2024 abin ya game ƙasa baki ɗaya: kusan mutum 400 suka rasu, sama da miliyan ɗaya da rabi suka yi asarar muhalli ko dukiya. A ranar 30 ga watan Agusta na wannan shekarar, ruwan da ya sauka a birnin Maraɗi cikin ƙasa da awa biyu ya yi sanadin mutuwar mutum aƙalla 15. Ƴan kwanaki bayan haka tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe. Har komawar yara makaranta sai da aka ɗage zuwa 28 ga watan Oktoba, domin azuzuwa da dama sun zama mafakar waɗanda ruwa ya kora.

Dattawan Maraɗi kuwa ba su manta da cewa ambaliyar gulbi ta shekarar 1945 ce ta tashi tsohon garin daga fadama aka dawo da shi kan tudu ba. Ruwa dai ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da ya canza shi ne yawanmu, da yadda muka cunkushe cikin gidajen da aka gina a kan hanyarsa.

Kayan kowa, aikin ba kowa

Matsalar gidan haya ba ta wuce wannan ba: mai gida ba ya kwana a ciki, mai haya kuma yana ganin gidan ba nasa ba ne. Indararo ya karye tun bara, kowa na ganinsa, kowa na wucewa. Mai ɗakin farko ya ce ba a kansa yake zuba ba. Mai ɗakin ƙarshe ya ce shi wata uku ya rage masa ya tashi. Mai gida kuwa sai ƙarshen wata ake ganin ɗan aikensa, ya karɓi kuɗi ya juya. Da yawa daga cikinmu ma tsoron yin magana muke, kada a ce mun cika ƙorafi a ƙara mana kuɗin haya ko a ba mu wa'adin tashi.

To amma ranar da bango ya faɗi, ba a kan mai gida yake faɗuwa ba. A kan ƴaƴanmu ne da ke barci a gindinsa. Saboda haka shawararmu ta farko ita ce mazauna kowane gida su zauna tun kafin ruwan farko, maza da mata, su zagaya gidan tare su rubuta duk abin da ke bukatar gyara. Sannan a wakilta mutum biyu, a samu dattijo a cikinsu, su je wurin mai gida da sunan kowa da kowa. Koken mutum ɗaya ana iya share shi, amma na ɗakuna goma da wuya.

Idan mai gida ya ce ba shi da hali a yanzu, akwai hanyar da gidaje da dama ke bi: masu haya su yi gyaran da kuɗinsu, a riƙa cirewa daga kuɗin haya sannu a hankali. Sai dai kada a yi wannan da baki kawai. A rubuta abin da aka kashe da yadda za a cire shi, kowa ya sa hannu, a gaban mai unguwa ko limamin masallaci. A ajiye takardun sayen siminti da kwano. Mun sha ganin zumuncin shekaru ya lalace a kan jika goma da ba a rubuta ba.

Ga ƙananan ayyuka kuwa, asusun gida ya isa. A gidan da ke da ɗakuna 10, idan kowane ɗaki ya zuba dala 100 a mako, cikin mako 8 an tara jika 40. Wannan zai sayi indararo, ƴan buhunan siminti, ya biya mai kwasar shara. Mata sun riga mu sanin wannan ta hanyar adashe, kuma galibi kuɗin sun fi tsira a hannunsu.

A duba sama, a duba ƙasa

Gyara daga rufi yake farawa. A hau a share ƙasa da ledoji da tsofaffin tayoyin da suka taru tun hunturu. A gidan kwano, a duba ƙusoshin da suka saki, domin iskar da ke gaban ruwan farko ita ce ke yaye rufi. Duwatsu da bulon da muke ɗorawa a kan kwano don danne shi su ma haɗari ne idan iska ta tunkuɗo su tsakar gida. Ɗaure kwanon da waya a jikin katako ya fi. A gidan ƙasa, a sake yaɓe, a duba azara ko gara ta ci ta. Indararo kuma ya kasance mai tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango.

Amma yawancin gine-ginen ƙasa ba daga sama suke mutuwa ba, daga gindi ne. Ruwan da ya kwanta a jikin bango kwana biyu ko uku yana jiƙa tubali har ya koma taɓo, nauyin sama kuma ya danne shi. Shi ya sa ɗakuna da yawa ke faɗuwa bayan an ɗauke ruwa, lokacin da mutane suka saki jiki suka koma barci. A cike gindin bango da jar ƙasa a daɓe, a karkata ta yadda ruwa zai gangara waje. A buɗe ramin da ke fitar da ruwan tsakar gida, a tabbatar ba shara ta toshe shi ba.

Bango ba ya faɗuwa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Tsagar da take ƙara faɗi daga rana zuwa rana, ƙofar da ta fara ƙin rufuwa, ƙasar da ke zubowa daga azara, danshin da ya hau bango ya wuce gwiwa, duk alamu ne. Wanda ya ga haka a ɗakinsa, kada ya ce bari gari ya waye. Ya kwashe iyalinsa zuwa ɗakin maƙwabci a daren. Mu kuma maƙwabta mu buɗe ƙofa ba tare da an roƙe mu ba.

Leda da kwata

Tun a shekarar 2014 aka kafa dokar hana shigowa da baƙar leda mara kauri da sayar da ita a Nijar, amma duk wanda ya leƙa magudanun ruwan biranenmu ya san inda aka kwana. Muna zargin ma'aikatar magajin gari da rashin yashe magudanai, kuma a wurare da dama zargin na da tushe. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: wa ke aiken yara su juye shara a kwata da zarar hadari ya haɗu, wai ruwa ya tafi da ita? Ruwan ba ya kai ta ko'ina. Yana tara ta a bakin gada ta gaba, ya toshe, ya dawo cikin gidan wani, wata rana kuma namu.

Gayyar safiyar Lahadi ɗaya, gidaje biyar ko shida na layi guda, da shebur da baro, tana iya buɗe magudanar da ta shekara a toshe. Abin lura shi ne a kwashe abin da aka fitar a ranar. Idan aka bar shi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Salga da ruwan sha

Salgar da iyalai goma ke amfani da ita saurin cika take. Idan ta kusa cika, a kira masu yashewa yanzu, kafin ruwa ya shiga ta tumbatso tsakar gida inda yara ke rarrafe kuma mata ke girki. A duba daɓen bakinta, domin wanda ya tsage yana iya ruftawa da mutum idan ƙasa ta jiƙe. A ɗaga bakin da bulo, a yi masa murfi.

Ta wannan hanyar ce cutar amai da zawo ke shiga gida. Ta ɓarke a yankin Madarumfa a shekarar 2018, ta sake dawowa a 2021 inda ta kama sama da mutum dubu 5 a ƙasar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ruwan da muke saye wurin ƴan garuwa, ko wanda ya kwana a randa ko tano, a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardar, a jira minti 30 kafin a sha. Randa ta kasance da murfi da moɗa guda wadda ba a ajiyewa a ƙasa. A ajiye buta da sabulu a ƙofar makewayi. Sabulun na iya fitowa daga asusun gida.

Idan zawo ya kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ake sayarwa a ƙunshe a gidan magani ya fi inganci idan akwai. Ana ba shi ana kan hanyar likita, ba a zauna jira ba.

Sauro ba ya tambayar lambar ɗaki

A lokacin zafi, mako ɗaya zuwa kwana 10 ya ishi ƙwan sauro ya zama mai cizo. Sauron da ke kawo masassara ya fi son ƙananan kududdufai na ruwan sama da rana ke bugawa, irin waɗanda ke kwanciya a tsakar gida da ƙofar gida da ramukan da aka haƙi ƙasar gini. A cike su da ƙasa. A kife gwangwanaye da fasassun tukwane da tayoyi sau ɗaya a mako. Wannan ma aikin kowa ne, domin sauron da ya ƙyanƙyashe a ƙofar ɗaki na uku zai ci abincin darensa a ɗaki na bakwai.

Mu da muke kwana a tsakar gida saboda zafi, mu kafa ƙusoshi da igiya mu ɗaura sange a can, mu cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Wanda ya yage a ɗinke shi. Sangen da aka raba mana kyauta ba na rufe shuka ko kaji ba ne.

Tun daga shekarar 2013 ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida da damina, galibi daga Yuli zuwa Oktoba, suna ba yara masu wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin masassara. Maganin na kwana uku ne kowane wata: na farko a gabansu, sauran biyun uwa ce ke bayarwa. Nan ne ake yawan sakaci. A gidan haya abin da sauƙi: mace ɗaya ta ɗauki nauyin tuna wa sauran. Yaron da jikinsa ya yi zafi kuma a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a tsaya wurin mai tallan magani a faranti.

Kuran da ruwa ba sa haɗuwa

A gidaje da yawa mita ɗaya ce ke ba kowa wuta, wayoyi na ratsa tsakar gida daga ɗaki zuwa ɗaki, an haɗa su da leda, wasu ma a kansu ake shanya. A kira mai gyaran lantarki na ƙwarai ya ɗaga su sama ya naɗe mahaɗansu. Kowane babba a gidan ya san inda ake kashe wutar gidan gaba ɗaya, kuma a kashe ta da zarar ruwa ya fara shiga ɗakuna. Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu: a kashe daga akwati, ko a ture wayar da busasshen itace. A hana yara taɓa turakun lantarki da wasa cikin ruwan da ke gudu a titi ko tabkunan bayan gari. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18. A rubuta ta da gawayi a bangon zaure.

Abu na ƙarshe, mai sauƙi amma ana mantawa: takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa, karnen allurar yara da takardun makaranta, a haɗa su cikin leda mai kauri a rataye a sama kusa da ƙofa, tare da tocila. Waɗanda suka rasa nasu a 2024 sun san wahalar sake su. Buhunan hatsi kuma a ɗora su a kan bulo ko katako.

Mun san akwai abin da ya fi ƙarfin mai haya. Gina manyan magudanai, hana raba filaye a kan hanyar ruwa, da tilasta wa masu gidaje su gyara abin da suke karɓar kuɗi a kansa, aikin hukuma ne, kuma ba za mu gaji da tunatar da ita ba. Amma indararo da salga da sange suna hannunmu, kuma Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kira taron gida a wannan makon, kafin hadari ya riga mu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai mu kaka lafiya.