Wane Kwaɗo Ya Dace da Kekenka?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama a Jimeta da Yola suka kakkaɓe kekunansu suka koma hawa. Ɓarayi ma sun lura. Idan kana barin naka a bakin Babbar Kasuwar Jimeta ko ƙofar masallacin Juma'a, ga abin da ya kamata ka sani.

Kwaɗon da ya zo da keken bai isa ba?

Bai isa ba. Ƙaramin kwaɗon nan da ke ƙarƙashin sirdi tayar baya kawai yake riƙewa. Ɓarawo ba sai ya buɗe shi ba. Ɗaukar keken zai yi cak, ya jefa a Keke Napep, ya tafi. Dole ka ɗaure keken a jikin abin da ba ya motsi.

To wanne zan saya?

Wayar nan mai rigar roba ta fi araha, ga ta ba nauyi, amma ni ba na ba kowa shawararta. Kaurin da kake gani roba ce. A ciki siraran wayoyi ne da almakashin yanke ƙarfe zai datse kafin ka gama cinikin tumatir.

Sarƙa ta fi. Nemi wadda kaurin kowane zobenta ya kai milimita 8 zuwa 10, wato ya ɗan fi fensir kauri, kuma ta ƙarfen da aka gasa ya taurara, wanda zarto ke zamewa a kansa. Kwaɗon da za ka haɗa da ita ma haka, sau da yawa za ka ga an buga kalmar HARDENED a hancinsa. Jabu ma na ɗauke da wannan rubutu, don haka ka auna shi a tafin hannu. Na kirki yana da nauyi, hancinsa ba ya girgiɗi.

Akwai kuma mai siffar harafin U, sandar ƙarfe lanƙwasasshiya. Yana da ƙarfi sosai, sai dai ba ya zagaye gindin bishiyar darbejiya.

Yaya zan ɗaure?

Zura sarƙar ta jikin keken da tayar baya, sannan ta zagaye turken ƙarfe. Wanda ya ɗaure tayar gaba kaɗai, ita kaɗai zai tarar. Ka matse sarƙar, kada kwaɗon ya kwanta a ƙasa inda za a samu wurin dukansa da guduma. Da damina ka riƙa ɗiga masa ɗan mai, saboda tsatsa.

Nawa zan kashe?

Farashi na canzawa, amma masu harkar keke kan ce ka ware kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin keken. Ka kuma juya keken ka kwafi lambar da aka buga a ƙarƙashinsa, tsakanin feda biyu, ka ɗauke shi hoto. Su za ka nuna wa 'yan sanda idan ya ɓata.